Shagon da nake sayen kayan sana'ar hannu a Kano: abin da ya burge ni da abin da bai yi min ba

Tun da na fara ɗora hotunan jakunkunan duwatsu da kayan jarirai da nake saƙawa, tambayar da ta fi zuwa min ba ta wuce "don Allah Anti a ina kike sayen kayan aiki" ba, wasu daga Zariya, wasu daga Gusau, har daga Maraɗi an taɓa tambayata. Amsa ɗaya nake bayarwa kullum, amma a gajarce, to yau na ce bari in zauna in rubuta shi dalla-dalla yadda kowa zai gane. Wajen wata baiwar Allah nake saya a cikin birnin Kano, shago ne a jikin gidanta ba a kasuwa ba. Ba biyana ta yi ba, ba ta ma san zan yi wannan rubutun ba, kuma ba zan sa sunanta ko lambarta a nan ba saboda matar aure ce kuma ba ta son a riƙa yawo da sunanta a intanet. Mu dai Hajiya muke ce mata, ita kuma kowa ƙanwata take kira ko da kin girme ta.

Wanda ya san Kano ya san ba rashin kaya ne matsalarmu ba. Zare in kina so Kasuwar Ƙofar Wambai na nan, yadi da leshi da mayafi kuma Kantin Kwari, kayan ɗinki irin su zif da maɓalli da almakashi ki shiga Sabon Gari, in kuma jigida ce da tsakiya da kayan fata sai Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kaya kam akwai, wallahi har sai idonki ya gaji. Amma ki tsaya ki duba halin mace mai aiki daga ɗakinta, wadda odar jaka ɗaya ta samu kuma kwastomar rabin kuɗi ta bayar. Za ta nemi izinin fita, ta nemi wanda zai riƙe mata yara, ta biya kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ta je a ce mata ba a fasa fakiti sai dai ta ɗauki duka, kala uku take nema ga shi kuɗinta na kala ɗaya ne. Ban ce 'yan kasuwa na cutar kowa ba, tsarinsu ke nan, sari suke yi, kuma yawancinsu sayarwa suka iya, ba su taɓa zira dutse a zare ba balle su san wanne ne zai ba ki wahala. Wannan giɓin shi Hajiya ta toshe, kuma shi ya sa na maƙale mata.

Shagon ƙarami ne, asalinsa garejin mota ne aka gyara. Kina shiga hannun dama kantoci ne har sama an jera robobi masu murfi irin masu nuna abin da ke ciki, kowacce an manna mata 'yar takarda da sayiz da lambar kala, an rubuta da maka. Hannun hagu ulu ne a leda an ɗora kala-kala, daga fari zuwa ruwan madara zuwa ruwan hoda har a kai baƙi, a tsare. A tsakiya tebur ɗaya da sikeli ɗan ƙarami mai batir, da faranti na tangaran fari wanda a ciki take zuba miki dutse ki gani kafin ki saya. Wannan farantin ni a wajena ya fi komai daraja a shagon, don dutse a cikin leda yaudara gare shi, ledar na ƙara masa sheƙi, sai an zube shi a farin abu a hasken rana kike ganin gaskiyarsa. Ita da kanta za ta ce ɗauki farantin ki fita bakin ƙofa ki duba.

Abu na farko da zan yaba shi ne awo. Tana fasa fakiti. Kina son giram 20 na dutse za ta auna miki, kina son cokali biyu na 'yan ƙananan nan za ta ɗeba miki ta ƙulla a leda, kina son yadi biyu na ribon za ta yanka, ƙugiyar sarƙa guda uku kacal za ta ƙirga ta ba ki ba tare da ta haɗa rai ba. Na sha ganin yarinya 'yar sakandire ta shigo da 'yan canjinta a dunƙule a hannu tana so ta gwada awarwaro, Hajiya ta tsaya ta saurare ta yadda take sauraron mai sayen katan. Lissafin da take yi shi ne yarinyar nan in ta iya, gobe ita ce mai sayen dozin, kuma na ga hakan ya faru da idona, akwai waɗanda da cokali suka fara yanzu su ke yi wa amare saitin sarƙa.

Sai maganar kwaliti, nan ne zan ɗan daɗe don nan ne mata ke asarar kuɗi ba su sani ba. 'Yan ƙananan duwatsun nan da ake zira su a yi sarƙa ko ado a wuyan riga ba iri ɗaya ba ne ko da kalarsu ɗaya. Akwai na China mai araha wanda shi ya cika kasuwa, akwai na ƙasar Cek irin su Preciosa, akwai na Japan irin su Miyuki da Toho waɗanda su ne ƙarshe wajen daidaito da tsada. Mai arahar in kika zube shi za ki ga wani dogo wani gajere, wani raminsa a toshe wani ya yi faɗi, kamar an haɗa gero da dawa a ƙwarya ɗaya, in aikin zira ne kawai a zare ba laifi zai yi, amma in saƙa za ki yi da shi mai dizayin layi ba zai taɓa miƙewa ba, sai ki ga aikin yana karkacewa ki yi ta zargin hannunki alhali dutsen ne. Hajiya tana ajiye mai araha da matsakaici a kullum, mai tsadar kuma sai an yi oda take kawowa, kuma abin da ya sa nake ganin mutuncinta shi ne ba ta taɓa ɗauko min mai araha ta ce min na Cek ne ba. Tambayarki za ta fara yi, me za ki yi da shi ƙanwata. In kika ce jigida ce ta yara za ta ce ɗauki mai sauƙin kuɗi kar ki ɓata kuɗinki, in kika ce wuyan rigar amarya ne za ta ce a'a wannan zai ba ki kunya, ƙara kuɗi ki ɗauki wancan. Har gwaji take nuna wa mutane na gane dutsen da kalarsa a jikinsa take da wanda fenti aka shafa masa a sama, ta jiƙa farin ƙyalle ta murza dutsen a ciki, ko ta ɗan kankare da farce, mai fenti nan take yake nuna kansa, kuma shi ne wanda in zufa da turare suka taɓa shi sati kaɗan zai koɗe ya bar wa mace tabo a wuya. Tana sayar da mai fentin fa, ba wai ba ta da shi ba, don akwai masu nemansa na kwalliyar faifai da kwandon kayan lefe da ba jiki zai taɓa ba, amma sai ta faɗa miki.

Haka manyan duwatsun jaka, masu sheƙi na gilas da na roba. Na gilas ya fi kyau a ido amma nauyi gare shi kuma bakin raminsa na da kaifi yana cin zare, na roba ba nauyi, ya fi dacewa da babbar jaka. Sayiz 6 da 8 da 10 duk tana da su kusan kullum, 8 ɗin ya fi tafiya don shi aka fi yin jaka da shi. Zaren kamun kifin da ake saƙa jakar da shi kuma tana da daga 0.3 har zuwa 0.8, kuma ita ta koya min in daina amfani da lamba ɗaya a komai: siriri na sarƙa da ɗan kunne, 0.5 zuwa 0.6 na ƙaramar jaka, mai kauri kuma na jakar da ake so ta tsaya da kanta ba ta langaɓe ba, amma sai kin tabbatar zai shiga ramin dutsen sau biyu ko uku don saƙar jaka komawa ake yi ta cikin dutse. Kafin ki biya za ta yanko guntu ta ce gwada a dutsen da kika zaɓa. Wannan 'yar dabarar kaɗai ta hana mutane da yawa komawa gida da zaren da ba zai yi musu aiki ba.

Ɓangaren ulu ba laifi, amma bai kai na duwatsu ba. Yeye da Robin da kowa ya sani tana da su kala da yawa, su ne na kayan sanyi, hula da safa da rigar jarirai da ake rububinsu daga Nuwamba zuwa Janairu lokacin hunturu. Abin da take yi mai kyau a nan shi ne tana hana ki sayen ulu rabi-rabi, ta ce ki lissafa duk abin da aikin zai ci ki ɗauka lokaci ɗaya, don kala ɗaya daga kamfani ɗaya in ba rini ɗaya ba ne sai kin ga bambanci, ki saƙa gaban riga da na wannan watan, baya da na wata mai zuwa, a ɗaki ba za ki lura ba sai an fita rana ranar suna. In kuɗinki bai kai ba tana ware miki sauran ta rubuta a littafi ta ajiye miki na 'yan kwanaki. Inda ta gaza shi ne zaren auduga, wanda shi ya dace da zafin garinmu, don ulun roba ba a saka wa jariri shi a watan Afrilu, auduga kala kaɗan take kawowa kuma da ta zo take ƙarewa. Na yi mata magana ta ce kuɗinsa ne ke riƙe jari, ba ya fita da sauri irin na roba. Na fahimce ta, amma dai gaskiya duk mai saƙar kayan zafi ko jakar kwarashi ba za ta samu biyan buƙata sosai a nan ba. Kwarashi kam akwai, na ƙarfe da mai mariƙin roba, daga sirara na leshi har masu kauri, da kibiyoyin saƙa, da allurar ɗinke ulu mai faɗin kunne.

Masu sa ston a mayafi da abaya su ma suna cika shagon, musamman daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin sallah, lokacin nan ko wajen tsayawa ba kya samu. Ston ɗin da ake mannawa da zafi a fakiti yake zuwa, babban fakiti na ƙananan sayiz guda 1,440 ne a ciki wato giros goma, lambar sayiz ɗinsa kuma SS ce, irin SS16 da SS20 su aka fi nema na mayafi. Ita tana raba shi ƙananan ƙulli. Abin dubawa a ston shi ne gam ɗin bayansa, ki juya shi ki gani in gam ɗin ya rufe bayan duka ko kuwa rabi ne, don mai rabin gam wankin farko zai zube miki, kwastoma ta dawo da mayafi tana faɗa. Hajiya na da dutsen guga a shagon da guntun ƙyalle, in akwai wuta za ta manna miki uku ko huɗu ki bari ya huce ki gwada ɓanɓarewa da farce. In babu wuta kuma sai dai ki yarda da maganarta, kuma ni dai ban taɓa yarda da ita na yi nadama ba. Gam na ruwa irin B-7000 da UHU da gam ɗin kyandir da bindigarsa duk akwai. Zaren ɗinkin hula ma tana ajiyewa saboda matan unguwa masu ɗinkin hula a gida, amma kaɗan ne, mai ɗinkin hula da gaske gara ta nufi Wambai.

Abin da ya sa ta san duk wannan ba wani sirri ba ne, ita ma sana'ar ta yi shekara da shekaru kafin ta koma sayar da kayan. Ta taɓa ba mu labari wata rana da ruwa ya tsare mu a shagon, cewa da saƙar kayan jarirai ta fara tun tana amarya, yara ke kai mata talla gidajen suna, daga baya ta koyi aikin duwatsu, to sai maƙwabta suka riƙa aiko yara "wai in ji Mama ki sam mata baƙin ulu ɗaya", "wai ki ranta mata zare", har ta lura ashe abin da matan layinsu suka fi buƙata ba jakarta ba ce, kayan aiki ne a kusa da su ba sai sun fita ba. Da kwasar adashi ta sari kayan farko, a ƙarƙashin gado take ajiyewa a bokitai, ciniki kuma ta taga ko a tsakar gida. Idonta ne ya fara ba ta matsala saboda zira ƙananan duwatsu da daddare a hasken fitila, likita ya ce ta rage, shi ne ta tattara hankalinta kan saye da sayarwa. Maigidanta ya bar mata garejin, amma ginin kantoci da ƙofar ƙarfe duk daga cinikinta aka yi. Ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne yadda take haɗa komai, da asuba ta sallami 'yan makaranta, ta ɗora girki, ta buɗe shago, a tsakiyar ciniki a kira ta ciki, ta dawo ta ci gaba da ƙirga ƙugiyoyi daga inda ta tsaya, da daddare bayan isha'i kuma ta zauna amsa saƙonnin WhatsApp da ƙulla odar gobe. Yarinya ɗaya ce ke taya ta, 'yar ƙanwarta, ita ma sai ta taso daga Islamiyya.

Ba ta taɓa zuwa China ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Yawancin irin waɗannan kayan daga garin Yiwu da Guangzhou suke fitowa su sauka Legas, ita kuma tana da masu saro mata a kasuwannin Legas irin su Balogun da Trade Fair, su ɗoro a mota zuwa Kano, wasu kuma a nan gida take sara wajen manyan diloli. Ke nan duk abin da ya taɓa dala ko man fetur sai ya taɓa ta sau biyu. A farkon 2023 da aka yi canjin kuɗi takardar naira ta ɓace, kwastomominta kuwa mata ne masu ɗari biyu ɗari biyar a hannu, da yawansu ko asusun banki ba su da shi, ciniki ya tsaya cak, a lokacin ne ta nemi na'urar POS ta fara karɓar transfa, waɗanda ta sani kuma ta riƙa rubuta su a littafi. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, kuɗin mota ya tashi, aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yuni, zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Ta ce min a lokacin sai ta sayar da kaya kaf, ta tattara uwar kuɗi da riba, ta aika Legas a ce mata kuɗin ba zai sayi ko kwatankwacin abin da ta sayar ba. Shaguna irin nata da yawa a lokacin suka koma sayar da wani abu, wasu suka rufe. Ita rage kaloli ta yi, ta bar waɗanda ke tafiya, kuma ta ƙi yin abin da wasu suka yi na cakuɗa mai kyau da maras kyau a sayar a kuɗin mai kyau. Na san haka ne don a lokacin ina saya, dutsen da na saba ɗauka bai canja ba, kuɗinsa ne ya canja, kuma ta faɗa min dalili tun kafin in tambaya.

Maganar farashi, kar in yaudare ku, ba ta fi kasuwa araha ba. In fakiti guda za ki saya ko dozin, kasuwa ta fi ta sauƙi, wani lokacin da ɗan dama ma. Amma ki haɗa da kuɗin adaidaita da wunin da za ki ɓata da ragowar kayan da za su zauna miki a gida ba ki da aikinsu, sai ki ga na Hajiya ya fi miki. Mai babban aiki kuma, irin wadda ta karɓi odar jakunkunan rabo na biki guda hamsin, ita kanta Hajiya za ta ce miki ki je kasuwa, ko ki ba ta sati biyu ta sa a cikin odarta ta Legas ta ɗora ɗan abin da za ta ɗora.

To yanzu abubuwan da ba su yi min ba, kuma duk na faɗa mata ido da ido kafin in rubuta a nan. Na farko babu farashi a rubuce. Robobi na da sayiz da lambar kala amma ba kuɗi, komai sai kin tambaya, in mutane sun yi yawa sai ki tsaya jiran a gaya miki kuɗin abu ɗaya, kuma in ba ta nan yarinyar ba ta san kuɗin rabin kayan ba sai ta shiga ciki ta tambayo. Ta ce farashi ne ke canjawa kullum shi ya sa, na ce ko allo ne a samu da alli a riƙa gogewa. Har yanzu dai ba a yi ba. Sannan hotunan da take sawa a sitatus ba ta cire na kayan da suka ƙare, ki gani ki yi murna ki turo kuɗi sai a ce ai wannan kalar ta ƙare sai dai makamanciyarta. Tana mayar da kuɗi ba gardama, wannan kam shaida ce zan bayar, amma ran mutum ya riga ya ɓaci, musamman in kin riga kin nuna wa kwastomarki hoton ta zaɓa.

Aike shi ne babbar matsalar. A cikin Kano ba laifi, mai babur ko ɗan adaidaita ke kawowa, yawanci a ranar ko washegari. Amma na wajen gari sai an kai tasha an ba direba, kuma ba kullum take samun mai kai mata tasha ba, sai ta tara oda ta kwana biyu ko uku a kai lokaci ɗaya. Wata ƙawata a Katsina da na haɗa su ta yi odar ston ana saura kwanaki sallah, kayan ba su isa ba sai da ta riga ta nemi wani a can da tsada, ta kira ni ranta a ɓace, kuma tana da gaskiya don an ce mata gobe, goben ta zama jibi ta zama gata. Hajiya ta ba ta haƙuri ta yafe mata kuɗin mota, amma ni shawarar da na ba ta ita ce ta ware ranaku biyu a sati ta ce su ne ranakun aike, kowa ya sani, ya fi a yi ta alƙawarin da ba a da ikon cikawa. Ƙullin kayan kam tana yi da kyau, leda biyu take sawa ta naɗe da salatif, ban taɓa jin wanda dutsensa ya zube a hanya ba.

Akwai kuma rufe shago ba sanarwa. Rasuwa ko suna ko yaro ba lafiya, sai ki zo ki tarar da ƙofa a rufe. Ba na ganin laifinta a kan wannan, mace ce mai iyali kuma ita kaɗai ce, duk wadda ke sana'a a gidan aure ta san yadda abin yake, amma saƙo ɗaya a guruf ɗin kwastomomi zai hana mutum asarar kuɗin mota. Shagon kuma da zafi sosai a bazara, fanka ɗaya ce kuma sai da wuta. Sannan ƙarafunan sarƙa masu araha, ƙugiya da zobba da maƙalin ɗan kunne, in damina ta yi nisa wajen Agusta wasu kan fara dusashewa tun a roba saboda laima, ki duba da kyau kafin ki ɗauka, ko ki ce ta ba ki na sitil wanda ba ya tsatsa, ya fi tsada amma shi nake sa wa duk aikin da zan sayar.

Ranar Asabar da hantsi tana koyar da 'yan mata a tsakar gidanta, ba ta karɓar kuɗin koyo sai dai ki sayi kayan aikinki a wajenta, wanda ni a ganina adalci ne. Tabarma ake shimfiɗawa, kowa da farantinta a cinya, ita tana zagayawa tana duba hannu, in ta ga kin ja zare da yawa aikin ya tattare za ta ce warware ƙanwata, tun yanzu ya fi sauƙi. Zawarawa da marayu na unguwa kuma na san tana ba su kaya bashi su yi aiki su sayar su kawo, ba ita ta faɗa min ba, ɗaya daga cikinsu ce ta faɗa min tana yi mata addu'a. Wasu sun cinye mata, har yarinyar shagon na ƙorafi a kan littafin bashin, amma ba ta daina ba, sai dai yanzu ta sa iyaka, sai kin biya na baya ake ba ki wani.

Wadda ke son zuwa, ki je da safe tsakanin goma zuwa azahar ranar Litinin zuwa Alhamis, lokacin ba cunkoso kuma tana da natsuwar da za ta tsaya ta yi miki bayani. Juma'a ba ta buɗewa sai bayan la'asar. Ki tafi da guntun yadin ko mayafin da za ki yi wa ado don a haɗa kala a gabanki, hoton waya ba ya nuna kala daidai. Kayan sallah ki saya tun kafin azumi ya raba, ulun sanyi kuma tun Oktoba kafin kaloli masu kyau su ƙare. 'Yan wajen Kano ku ba da tazarar sati guda aƙalla, kuma kafin ki tura kuɗi ki ce a ɗauko miki hoton kayan a ranar, a kan farin farantin, ba wanda ke sitatus ba. Mace ce kawai za ta yi min magana ta inbos in haɗa ta da ita, don maza ba sa shiga sai dai su tsaya a ƙofa yarinyar ta miƙo musu.